Ƙafar da Na Baro a Gida

Zuwa ga Uwata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki da abin da kike ɗauke da shi. Mu nan lafiya lau, in ban da kujera.

Bari in fara da kujerar kafin ki ji a bakin uwarki ta ƙara mata gishiri. Kin tuna asibitin da kika matsa aka rubuta sunana saboda gwiwata ta dama. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila, ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gogar ƙashi. Na ce masa ba abin mamaki ba ne, na ƙare ƙuruciyata ina shimfiɗa tayil a gidajen mutane, na durƙusa wa siminti fiye da yadda na durƙusa wa surukaina. Ko murmushi bai yi ba. Ya ba ni takarda mai hotunan wani mutum yana ɗaga ƙafa, da wata doguwar roba ta ja, ya ce in riƙa motsa jiki a gida, wata ma'aikaciya za ta riƙa kirana duk Laraba ta ji inda aka kwana.

To ta kira. Murya gare ta kamar ta masu karanta labarai, na sa mata Yarinyar Waya. Ta ce, "Baba, samu kujera ka zauna ka tashi ba tare da ka dafa komai ba, ina saurare." Ga kujerar katako a ɗaki, amma ragwanci ya sa na jawo farar ta robar nan da rana ta gama gasawa a baranda. Na zauna na tashi, na zauna na tashi, ina komawa sai ta baje ƙafafu huɗu kamar akuyar da ta hau jiƙaƙƙen tayil. Ina kwance rigingine, waya a kunne, ta ce, "Baba, me na ji?" Na ce, "Maƙwabta ne, 'yata, ba su da natsuwa." Ta ce yaya gwiwar? Na ce alhamdu lillahi. Uwarki ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙofa.

Kin san har yau Gwamnati nake ce mata, don ita ke riƙe da wayar gidan, da makulli, da ni. Shi ya sa nake rubuto miki ta hannun Direba na ƙasan benenmu. In kin kira tana tsaye a kaina, ba na samun faɗar komai sai lafiya lau. A takarda kuwa, duk da aji huɗu na tsaya, ni ne da bakina.

Ga wani labarin. Tun da ta zauna a keken ɗinki tana haɗa wa jikanta kaya, daga safe har magariba ba ta tashi, ita ma ƙafarta ta hagu ta fara mata tsami. Na ce mu je a duba. Ta harare ni. Kin san tun da yayarta ta shiga asibitin nan da ƙafafunta aka fito da ita a kwance, ko titinsa ba ta bi. Sai na yi dabara. In Yarinyar Waya ta ce, "Baba, daga sifili zuwa goma, ciwon nawa ne yau?" sai in saci kallon uwarki, ta ɗaga mini yatsu, in haɗa da nawa in raba biyu in faɗa. Duk abin da take son sani sai in tambaya kamar ni ne. Gwiwa ɗaya aka rubuta, ƙafa huɗu ke cin moriya. Na ba ta aron takardar da robar, tana yi a bakin gado, ni kuma ina zaune ina mata ƙidaya kamar kofur. Ƙidayar ma aiki ce, kar ki raina.

Tana ta shirin zuwa wurinki. Jakar ta cika tun yanzu, ni ake sa wa in zauna a kai a ja zif.

Ki gaishe da surukina.

Babanki.

*

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, Direba ya kawo ta har ƙofa. Ina lafiya, sai dai likitata ta ce bayan abin da ya faru da ni har sau biyu, wannan karon kwanciya zan yi har ranar. Ban da banɗaki ba inda nake zuwa. Na haddace duk tsagar da ke rufin ɗakin nan.

Labarin kujera ya sa na yi dariya har cikina ya ƙulle, surukinka ya ƙwace takardar ya ce za ka sa a haihu ba shiri. Sai ya karanta shi ma ya zauna a ƙasa.

Amma Baba, wannan raba biyun da kake yi ban so shi ba. Matar nan ba ganinka take yi ba, abin da ka faɗa shi take rubutawa, da shi kuma za su san abin da za su yi maka. Kai aka ba motsa jikin. Ƙidaya ba ta gyara gwiwa. Gidanku hawa huɗu ne, ba ka tunanin ranar da za ka tsaya a na biyu ka kasa gaba ka kasa baya? Ita kuma Mama gajiyar keke ce, ka ce mata kayan sun isa haka, jariri ɗaya ne ba makaranta ba.

Ina ƙagare ta zo. Surukinka aikin kwana yake yi mako-mako, maƙwabtana kuma ko sunayensu ban sani ba. In wani abu ya motsa a cikina sai in rasa wanda zan tambaya ko haka ake ji. Ka yi haƙuri za mu karɓe maka ita na ɗan lokaci. Ka koyi kunna risho tun yanzu.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sauke ki lafiya. Risho na iya kunnawa, kashewar ce ban ƙware ba.

Ki karanta wannan a hankali, kar ki ba mijinki ya karanta miki. Shekaranjiya Gwamnati ta rufe ƙofa ta sa na rantse da Allah ba zan yi wa kowa zancen ƙafar kowa ba sai tawa, ko ke, ko Yarinyar Waya. Ta ce in aka ji za a hana ta tafiya, ke kuma hankalinki zai tashi a lokacin da ba a son ya tashi. Na rantse, don kin san ban taɓa cin zaɓe a gidan nan ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa yanzu ƙafata nake nufi, ta hagu.

Ƙafata ta hagu ta kumbura. Ba a gwiwa ba, a ƙasa, a naman bayan ƙwauri. Ta fi 'yar'uwarta kauri sosai, fatar tana sheƙi kamar an shafa mata mai, in ka ɗora hannu sai ka ji zafi kamar bayan tukunyar da aka sauke ɗazu. Takalmin nan mai duwatsu da kika aiko bara ya daina shigarta. In na taka sai in ciji leɓe, in na ga ana kallona sai in ce allura na taka. Na daina waƙa a kan keke. Jiya da muka dawo daga kanti sai da na tsaya a kowane hawa ina kama ƙarfe, na ce wai kallon fentin da aka sake nake yi. Ba a sake fenti ba.

Ranar Laraba na so in gaya wa Yarinyar Waya. Ina buɗe baki aka tsaya a gabana da almakashi a hannu, ana kallona. Sai na ce gwiwar ta ɗan kumbura kaɗan. Ta ce in rage motsa jikin, in ɗora tsumma mai sanyi, in ya ƙaru ko na ga wani abu dabam in kira ta ba sai Laraba ba. Ta tambaye ni har sau biyu, "A gwiwar ne kawai, Baba?" Na ce a gwiwar ne. Yarinyar kirki ce, amsar da na ba ta ita ta yi wa magani.

Yanzu kullum bayan la'asar ina murza ƙafar da man zafi, daga idon sawu zuwa sama, da ƙarfina na mai tayil. Ana cewa ana jin daɗi. Ni dai ban ga ta saɓe ba.

An riga an yanki tikiti. Kin san hanyar, yini da kwana ce a zaune, ƙafa a lanƙwashe, kaya a kan cinya. Ban yi karatun da zan ce ga abin da nake tsoro ba. Na san dai in tayil ya yi ƙarar fanko in an ƙwanƙwasa, ko samansa na ƙyalli, ba a ɗora masa nauyi.

Ke kaɗai take jin maganarki. Ki ce mata ta ɗaga tafiyar, ki ƙirƙiro kowane dalili. Ki ce ba ki gama shirya mata ɗaki ba.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Takardarka ta daɗe a hanya, motar Direba ta lalace ya yi kwanaki a gareji, sai jiya ta iso duk baƙin mai a jiki.

Na karanta ta ni kaɗai kamar yadda ka ce, na gane abin da kake so in gane. Na kira Mama nan take. Dariya ta yi. Ta ce ƙafarta ƙalau, tsamin ma ya tafi tun da ta rufe keke. Ta ce kai ne tun da aka yanki tikiti ka bi ka tsangwami kanka, yau ka ce gwiwa, gobe ka ce baya, shekaranjiya wai har cewa ka yi ka yi mafarkin motar ta faɗi. Ta ce tsoron zaman kaɗaici ne da tsoron tukunya. Na ce ta rantse mini, ta ce ba a sa uwa rantsuwa.

Baba, wa zan yarda da shi? Kai ne ka taɓa rubuto mini cewa an yi maka tiyata, ashe haƙori aka cire. Kai ne kana kwance a ƙasa ka ce maƙwabta ne. A komai sai ka sa wasa, har na daina gane inda wasan ya tsaya. Amma wannan ba wurinsa ba ne. Daren da na karanta takardar nan cikina ya yi ta ɗaurewa har sai da surukinka ya baro aiki. Sau biyu ina shiga ɗakin haihuwa ina fitowa hannu wofi, ba uwa a kusa da ni. Ba zan ce mata kar ta zo ba. Ba zan iya ba.

In da gaske akwai ƙafar da ta kumbura a gidan nan, ko ta wace ce, ai kana da mai kiranka duk mako don wannan. Ka gaya mata duka, ba rabi ba, ba raha. In kuma babu, don Allah ka bar mini uwata ta zo.

Ka yafe mini in na yi kaushi.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Na san mijinki ya gaya miki kaɗan daga abin da na faɗa masa a waya, ya ce sauran a bi da ke a hankali. Ga sauran. Uwarki tana da rai, da wannan na fara. A kan bencin asibiti nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Ba ki yi kaushi ba. Wanda ya shekara yana sayar da wasa ba zai yi fushi don an ƙi sayen gaskiyarsa ba.

Takardarki ta same ni ana saura kwana biyu tafiya, ranar Laraba. Da wayar ta yi ƙara sai na fice da ita matakala na ja ƙofa. Na gaya wa Yarinyar Waya duka, kumburin, zafin, sheƙin, tsayawa a kowane hawa, da murzar da nake yi. Na ce dai ƙafata ce. Muryar labarai ta tafi. Ta ce, "Baba, kar ka sake murza ta. Numfashinka fa? Ƙirjinka na ciwo?" Na ce wani lokaci. Ta ce, "Ka taho asibiti yanzu, ba anjima ba. A mota, kar ka tako. Zan gaya musu kana hanya."

Na koma ɗaki na faɗa wa Gwamnati, ina zaton za ta tsorata ta bi ni. Tana ninke zani, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "To je ka mana. Ai ƙafarka ce."

Kin ga wauta, Uwata. Na tafi. Tunanina in sun ba ni magani sai in kawo mata.

Suna jirana da keken marasa lafiya, aka tura ni da gudu kamar wani babba. Likita ya naɗe mini wando, ga ƙafafu biyu busassu kamar sandunan tsintsiya. Ya latsa wannan, ya latsa waccan, ya auna su da tef. Ya ce, "Wacce ce ta kumbura?" Na ce da safe ta fi. Sai wata mata ta shigo, gajera, mai tabarau, da furfura a gefen ɗankwali. Tana magana na gane ta. Ashe Yarinyar Waya ta kusa sa'ar uwarki. Ta dubi ƙafafun, ta dube ni, ta ce a hankali, "Baba, ƙafar wa kake ba ni labari duk makonnin nan?"

Na ce, "Wadda ta kumbura na baro ta a gida."

Na saba in na yi magana a yi dariya. Ba wanda ya yi.

Suka haɗa ni da motar asibiti da ma'aikata biyu. Muka tarar da ƙofa a kulle. Matar Direba ta ce ina fita uwarki ma ta fito, ita matar ce ta sauko mata da jaka, wai ta canja tikiti zuwa motar yau. Ta ce a zaune ta sauko matakalar, hawa ɗaya-ɗaya, tana cewa jiri ne.

A tasha manyan motoci sun toshe ƙofa, tamu ta kasa shiga. Na sauka na taka. A nan gwiwar da na yi ta yi wa ƙidaya a zaune ta karɓi hakkinta. Ina jan ta, ina dafa motocin mutane, ina leƙa taga-taga. Na same ta a ta ƙarshe, an riga an tayar da inji, tana can baya, jaka a cinya, ƙafar a matse a ƙarƙashin kujera. Na ce ta sauko. Ta kau da kai kamar ba ta san ni ba. Ba ni da ƙarfin ɗaukarta, ba ni da na hawa. Sai na zauna a matakin ƙofar motar, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce matar can mai shuɗin mayafi matata ce, ƙafarta ta kumbura, likita ya ce in ta yi tafiyar nan ba lalle ta sauka da rai ba, duk mai son motar nan ta tashi sai ya bi ta kaina. Yaron mota ya ja ni, na riƙe ƙarfe. Fasinjoji suka fara juyawa suna kallonta.

Ta miƙe don ta zo ta ci mini mutunci, na ga abin a fuskarta. Ta tako zuwa tsakiyar mota, ta nuna ni da yatsa ta ce, "Kai dai..." Ba ta ƙarasa ba. Ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe yana neman iska, ta sulale tsakanin kujeru.

A asibiti sun ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, wani ɓalli ya tafi huhu. An sa mata robar iska a fuska, ana yi mata allurar tsinka jini. Na tambayi likita ko murzar da nake yi ce ta ɓalle shi. Ya ce ba wanda zai iya sani. Na so ya ce a'a. Na tambaye shi ko ta tsallake, sai ya dubi na'urar da ke kanta ya ce mu ga kwanakin nan. Ko ta tashi, ya ce ba doguwar tafiya sai bayan watanni.

Mai tabarau takan leƙo in ta tashi aiki. Ta sa ni ina zama ina tashi a bencin nan, tana tsaye a kaina. Ta tambaye ni ciwon nawa ne, na ce takwas. Ta ce yau ta fara jin lambata.

Uwarki ta yi kwana biyu fuskarta na bango. Yau da hantsi ina gyara mata bargo sai ta janye robar da kanta. Na sunkuya. Ta ce, "Ka karya rantsuwa." Na ce na karya, zan yi kaffara. Ta huta, ta huta, sannan ta ce, "Ka hana ni zuwa. To ka sake rantsewa za ka sa mini shi a hannuna." Na ce wa? Ta ce, "Abin da za ta haifa." Ta riƙe mini wuyan riga, ba ta saki ba sai da na faɗa.

Na rantse, Uwata. Ke ba ki tashi, ita ba ta tashi, hanyar yini da kwana ce, likita kuma na'ura yake kallo in na yi masa tambaya. Ban san yadda za a yi ba. Ki haihu lafiya, ki yi ƙarfi da wuri. Ranar da aka ce kin iya zama a mota, ni zan zo da kaina in ɗauko ku. Na roƙi uwarki ta jira. Ta dai mayar da robar a fuskarta.

Babanki.